Tagar Da Ta Leƙa Soron Su Mastura

Ranar da Badaru ya fara ganin Mastura, ta ramin taga ya gan ta, kuma ramin nan shi ya zana shi da hannunsa.

Wani bene ake ginawa a unguwar Aziziyya ta Jidda, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Badaru shi ne mai zanen kwamfuta a ɗan ofishin injiniyan da ya karɓi aikin. Daga Zariya ya zo Jidda da takardar difloma, iƙamarsa kuwa, wato takardar izinin zama, tana hannun kafilinsa da ya ɗauki nauyin zuwansa, wanda kuma shi ne mudir, wato shugaban ofishin. Aikin Badaru na zama ne cikin sanyin na'ura: ya ja bango a allo, ya ɗauko taga daga ma'ajiyar manhaja ya ɗora a kai, manhajar ta huda mata gurbi da kanta. Ba kasafai yake taka wurin gini ba. Ran nan ma don masu alminiyam suna jiran awon ƙarshe ne aka tura shi da tef ɗin awo.

Ya hau sama, ya zagaya bangon baya, ya tsaya a bakin wani dogon rami da ya tashi daga gwiwarsa ya wuce kansa. Sai ga soron wani gida a shimfiɗe gabansa kamar faranti. Ga igiyar shanya, ga tabarma, ga tukwanen na'ana'a, ga wata budurwa tana kwashe kaya, mayafinta a kafaɗa.

Ta ɗago kai. Suka yi ido huɗu.

"Ya akhi, istahi!" Ta daka masa tsawa, ta fizgo zanen gado daga igiya ta lulluɓa. "Aib alaik!"

"Subhanallahi! Don Allah yi haƙuri, wallahi ban san da mutum ba."

Da Hausa ya faɗa, don tsoro ya kore ɗan Larabcin da ya tara. Budurwar ta tsaya cak, idanunta kawai ake gani ta cikin zanen.

"Au, ashe ma Bahaushe ne? To abin kunyar ya zama biyu."

Badaru ya juya baya da sauri, tef ya kufce ya dawo ya tsinke masa yatsa. Ko zafi bai ji ba. Ya sauko daga benen nan zuciyarsa na dukan uku-uku, shi kansa bai san ko kunya ce ke kaɗa shi ko wani abu dabam ba. Mu da muke gefe dai mun sani.

Yana komawa ofis ya buɗe zanen, nan take ya ga inda ya yi ɓarnar. A manhajar akwai wani umarni da ake kira madubi. Ka gama gefe ɗaya, ka latsa, sai ta kwafe maka shi tsaf a ɗaya gefen. Shi kuwa da ya jera dogayen tagogin gilashi a bangon da ke kallon titi, ya ga sun yi kyau, sai ya latsa madubi ya huta. A allo, bayan ginin baƙin fili ne kawai, babu gida, babu igiyar shanya, babu kowa. Mudir ya sa hannu, mai ginin ya sa hannu, an yi odar gilashin daga ƙasar waje, jirgin ruwan ma ya taso. Badaru ya rufe zanen a hankali, ya waiga ya ga ba mai kallonsa, ya ja bakinsa ya tsuke.

Ran Juma'a ya je wurin Inno, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta zo aikin Hajji tun yana goye ta zarce da zama. Waina take soyawa, kuma babu gidan Bahaushe a Aziziyya da ba ta san launin labulensa ba. Ya yi ta kewaye-kewaye har ta gaji.

"Kai, faɗi abin da ya kawo ka, man nan yana ƙonewa."

Ya kwatanta mata gidan.

"Gidan Abdulghaffar ke nan, na tashar jiragen ruwa. Kakansa da ƙafa ya zo daga Katsina. 'Yar kuwa Mastura ce, autarsa." Ta juya waina, ta dube shi ta gefen ido. "Haƙuri za ka aika da shi, ko kanka za ka aika?"

"Haƙuri, Inno."

"To, Allah ya sa."

Inno ta kai haƙuri, ta dawo da lambar waya. Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, kafin ya aika:

"Salamu alaikum. Ni ne mara kunyar nan na bene. Ina neman afuwa. Badaru."

Amsa ba ta zo ba sai bayan la'asar.

"Wa alaikas salam. Halas, na yafe. Bas ka gaya wa masu ginin su toshe ramukan nan. Mun daina hawa soro, Ummi a cikin ɗaki take shanya."

Ya daɗe yana kallon wayar. Nan ne ya kamata ya ce ni ne na zana su. Sai ya rubuta:

"In sha Allahu. Ana kan magana."

Daga nan hira ta ɓarke. Hausarta rabi Larabci ce, shi kuwa yana gyara mata tana gyara masa. Ta sa masa suna Muhandis, wato injiniya, shi ya sa mata Nuri, wato haskena. Yakan zo gidansu tare da Inno, a zauna a falo ƙofa a buɗe, Ummi tana kai da kawowa da shayi. Wani lokaci yana tsakiyar jan bango sai waya ta yi ƙara.

"Muhandis, ka ci abinci, ko kwamfutar ce ta cinye ka?"

"Na ci, Nuri. Amma bai yi daɗi ba, don ba ke kika dafa ba."

"Kazzab. Ka taɓa cin girkina ne?"

"Shi ya sa nake gaggawa."

Sai dai kowace hira, komai daɗinta, tana da ƙaya a gindi. Mastura za ta ce Abuya, wato mahaifinta, ya sake zuwa wurin ginin, shugaban leburori ya ce masa su zane suke bi. Ko ta ce na'ana'arta ta bushe, don ba ta iya hawa ba ta ruwa sai masu aiki sun tashi. Badaru ya ce ana kan magana, ya ajiye waya, ya ture kwanon abinci. Ya rame har Inno ta fara tambayarsa ko shawara ce.

Akwai kuma Othman, ɗan ƙanin Abdulghaffar. Tare da baffan nasa yake aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, haifaffen Jidda ne, yana da mota, kuma tun Mastura tana makaranta yake ɗaukar ta a matsayin tasa ba tare da ya tambaye ta ba. Shi ya ga akwatunan gilashi sun sauka da sunan ginin Aziziyya. Ya bi sunan har wurin ginin, ya zauna shan shayi da shugaban leburori, ya tashi da abin da ya zo nema.

Ranar da Badaru ya sa sabuwar jallabiya ya zo gaishe da Abdulghaffar don a fara maganar manya, ya tarar da Othman a falon ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Abdulghaffar dogo ne, mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Ya bari aka gama gaisuwa, aka zuba shayi.

"Ya waladi, an ce mini kai ne ka zana tagogin bayan ginin nan. Haka ne?"

Badaru ya ajiye kofinsa. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

"Ni ne, Baba."

"Ka ji ko, Ammi?" in ji Othman, don haka yake kiran baffan nasa. "Ya huda bango ya yi kallonsa, ya zaɓi wadda ta yi masa, yanzu ya zo da jallabiya."

"Wallahi ba haka ba ne. Kuskure ne. A kwamfutar gidan nan bai fito ba."

"Bai fito ba." Abdulghaffar ya maimaita a hankali. "Gidan nan ubana ya gina shi. A soron nan uwata ta yi shanya, a nan matata take shan iska, a nan 'ya'yana mata suka girma kansu a buɗe, idon namiji bai taɓa sauka a kai ba. Yau sun koma ɗaki kamar masu takaba. Na je na roƙi leburori har sau nawa, kai kuwa kana zaune a falona kana shan shayina." Ya ajiye kofinsa. "Muddin ramukan nan suna kallon gidana, kada ka sake tako ƙofata. Bayan Babbar Sallah kuma zan ba Othman amsar da ya daɗe yana jira. Ma'as salama."

Bai kai bakin titi ba saƙo ya shigo.

"Kullum ina kawo maka kukan tagar nan, kana ce mini ana kan magana. Ashe da kanka kake maganar? Ban damu da abin da Othman ya ce ba, na san ƙarya yake. Naka shirun ne ya yi mini ciwo."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta:

"Nuri, tsoro na ji. Na ji tsoron mudir, na ji tsoron rasa ki, sai na yi abin da zai sa in rasa ki. Ba zan sake ce miki ana kan magana ba. Zan toshe su ko a kore ni."

Ya kwana yana duba wayar.

Washegari ya shiga ofishin mudir ya faɗi komai, tun daga latsa madubi. Mudir ya saurare shi fuska a murtuke, sannan ya buga tebur.

"Yanzu kake faɗa? Gilashin ya iso, kuma gasasshe ne, ba ya yankuwa. Ka taɓa shi da abin yanka ya zama tsakuwa. Kana so in je in ce wa mai gini ya zubar da rabin kayansa saboda igiyar shanya? Isma, ya Badr. In gilashi ɗaya ya tashi a banza, ni da kaina zan buga maka fita ba dawowa. Yalla, koma kan aikinka."

Gaba kura, baya sayaki. In ya bar tagogin, Mastura ta tafi gidan Othman. In ya matsa, a sa shi a jirgi, Mastura ta tafi gidan Othman. Ya koma gaban allo ya yi tagumi. Ya rage tsawon tagar, gilashin ya ƙi shiga gurbin. Ya cire ta gaba ɗaya, gilashin ya zama asara. Ya yi tunanin liƙa takarda mai dishi-dishi, ya tuno fuskar Abdulghaffar, ya san abin da zai ce: abin da hannu ya liƙa, hannu yana ɓarewa. Kwanaki suka yi ta tafiya, alhazai suka fara cika gari, shi kuwa duk farin harami da ya gani a titi sai gabansa ya faɗi, don Sallah yake tuna masa.

Wata rana da hantsi aka tura shi ya karɓi akwatunan a wurin gini. Dogaye ne, a tsaye suka zo cikin mota. Da aka zo shigar da su ɗakin ajiya, ƙofar ta yi musu gajarta. Leburori suka yi ta gardama, can suka kwantar da na farko a gefensa, ya shige sumul. Badaru ya tsaya baki buɗe yana kallon akwatin a kwance. Ya ɗaga kai ya dubi bangon baya. Sai ya zura da gudu ya tari tasi, ko sallama bai yi wa kowa ba.

Yana isa ofis ya zaɓi tagar a allo, ya juya ta ta kwanta. Ya ja ta sama, sama, har ta manne da ƙasan bim ɗin kankare da ke riƙe da rufi. Ya duba awon da ya rage daga daɓe zuwa gindin tagar. Ya wuce tsawon kowane namiji. Gilashin nan dai shi ne, ko ƙwaya ba a taɓa ba, firam ɗin alminiyam kuma dama ba a yanka ba tukuna. Bangon bulo ne kawai, ba shi ke ɗauke da ginin ba. A cike tsofaffin ramuka, a buɗe sababbi a ƙarƙashin bim, haske ya shigo, ido ya kasa fita. Kafin ya yi sauran, sai da ya zana gidan Abdulghaffar a bayan ginin, da soronsa, har da igiyar shanya.

Mudir ya duba, ya sake dubawa. Daga ƙarshe ya ce magana tana hannun mai gini, shi kuwa ya tafi Makka sai an sauko daga Arfa.

Wannan jiran ya fi komai wuya. Badaru ya yi Sallah a ɗakin Inno, nama a gabansa kamar dutse. Duk motar da ta tsaya a layin su Mastura sai ya ce ta 'yan kai gaisuwar Othman ce. Ya aika mata saƙo ɗaya tak.

"Na faɗa wa mudir gaskiya. Na samo hanya, amma ba a amince ba tukuna. In an kore ni, ki sani ban tafi da shiru a bakina ba. Barka da Sallah, Nuri."

Sai da yamma ta yi amsar ta zo, gajeruwa.

"Na ce wa Abuya ban shirya ba wa kowa amsa ba. Kada ka sa in ji kunya, ya Muhandis."

Ya karanta ta har ya haddace, ya ci naman nan tas, Inno tana yi masa dariya.

Mai ginin tsoho ne ɗan asalin Jidda. Da ya dawo aka buɗe masa zanen, bai ko kalli tagogin ba, ya sa yatsa a kan ɗan gidan da ke baya.

"Wannan fa?"

"Maƙwabci ne," in ji Badaru. "A zanen farko ban sa shi ba. Laifina ne."

Tsohon ya ƙura wa zanen ido har Badaru ya fara jin ƙarar jirgin da zai mai da shi Kano. Can ya ce, "A garin nan maƙwabci ake fara nema kafin gida. A gyara." Ya juya ga mudir. "Shi kuma yaron nan, ka fitar da shi daga sanyi. Ya tsaya a rana har a gama, ya ga inda layukansa suke sauka."

Haka kuwa aka yi. Badaru ya tsaya a kan magina, ya yi baƙi ƙirin, wuyansa ya saɓule. Da aka ɗora gilashin ƙarshe, bai je ƙofar da aka hana shi ba. Inno ya aika ta roƙi Abdulghaffar ya zo ya gani da idonsa.

Ya zo bayan la'asar, Othman na biye da shi. Ya hau matakala a hankali yana riƙe da gefen jallabiya. Ɗakin ya cika da haske, bangon baya kuwa a shafe yake sumul, sai can sama dogayen gilasai a kwance. Abdulghaffar ya matsa jikin bangon. Ya ɗaga kai. Ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, dogon mutum kamarsa, ya miƙa wuya iya ƙarfinsa.

"Sama kawai nake gani," in ji shi.

"In mutum ya hau kujera fa, Ammi?" in ji Othman.

"Wanda zai hau kujera don ya leƙa gidan mutane, ko bango babu rami zai huda shi. Wannan tsakaninsa da Allah ne." Ya shafa bangon da tafin hannu, inda sabon siminti bai gama bushewa ba. "A nan ka tsaya ran nan?"

"A nan ne, Baba."

"Ka gan ta?"

Badaru ya sunkuyar da kai. "Na gan ta. Sau ɗaya, na juya baya."

"Ta gaya mini. Ta ce har tef ya tsinke maka yatsa." Gefen gemunsa ya motsa kaɗan, kamar mai ɓoye murmushi. "An ce kuma ka sa iƙamarka a kan tebur saboda bangon nan."

"Ni na ɓata, Baba."

Abdulghaffar ya dube shi tun daga fuskar da rana ta ƙona har takalmin da ya sha siminti. Othman ya karanta fuskar baffansa, ya ce yana da kaya a tasha, ya sauka.

"To, ya waladi. Ka rufe taga da hannunka. Gobe ka zo ta ƙofa, ka taho da manyanka."

Badaru ya durƙusa a kan ƙurar siminti yana godiya, hawaye na bin kumatunsa, bai damu da leburorin da ke kallo ba. Kafin ya sauko ƙasa waya ta yi ƙara a aljihunsa.

"Ka san daga ina nake rubuto maka? Daga soro. Kaina a buɗe, iska tana kaɗa ni, kuma ba ka ganina. Shukran, ya ƙalbi."

"Na haƙura da ganin, Nuri, na ɗan lokaci."

An ɗaura aure a masallacin unguwa cikin watan Safar, baffan Badaru ya zo daga Madina ya karɓa masa. Maza suka ci shinkafa da rago a ƙasa. Walimar mata kuwa Ummi ta rantse ba za a yi ta a ko'ina ba sai a soro. Aka kwance igiyar shanya, aka shimfiɗa dardumai, Inno ta kafa tandarta a kusurwa kusa da sababbin tukwanen na'ana'a. Mata suka ajiye mayafai suka yi ta guɗa a gindin bangon nan, babu wadda ta ko ɗaga kai ta dube shi.

Da za a tafi da amarya, Abdulghaffar ya kama hannun 'yarsa ya sa a na Badaru a bakin ƙofa.

"Ga amana. Yadda ka suturta gidana, Allah ya suturta naka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka."

Duk gidan aka amsa da amin. Ta cikin lulluɓi Mastura ta matse yatsan nan da tef ya taɓa tsinkewa, ta raɗa masa, "Yanzu kam ka kalla, ya Muhandis. Halal ɗinka ne."